Malam Abdullahi ɗan Fodiyo mai tafsiri, da malaminsa da ke kwance ƙasar Madawa

 Yau tarihi za mu taɓa, kuma maganar na da ɗan tsawo, sai ku gyara zama.

Da tambaya za mu fara. Kowace shekara in azumi ya kama, masallatanmu kan cika da masu sauraren tafsiri. Mai jan baƙi ya ja aya, malam ya fassara, jama'a na ta kabbara. Littafin da ke buɗe gaban malam galibi Jalalaini ne, wanda malamai biyu na Masar, Mahalli da Suyuɗi, sunka rubuta sama da shekara 500 da sunka wuce. To amma mu nawa munka san akwai cikakken tafsirin Alƙur'ani, daga Fatiha har Nasi, wanda ɗan ƙasar Gobir ya rubuta don mutanen ƙasashen nan namu, bisa irin karatun da muke yi a allo? Kuma mu nawa munka san mai wanga tafsiri ya durƙusa ya ɗauki karatu gaban wani malami da kabarinsa ke nan ƙasar Madawa?

Mai tafsirin shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda anka fi sani da Abdullahin Gwandu. Malamin nasa kuwa shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru.

MALAM JIBRILU

Malam Jibrilu ya rayu cikin ƙarni na 18. Ya karantar a Agadas da ƙasar Adar, kuma ya tafi aikin hajji sau biyu, zamanin da tafiyar ke cin shekaru bisa raƙumi da ƙafa. Shehu Usmanu, wanda anka haifa a Maratta kusa da Galmi cikin 1754, ya zauna gabansa yana saurayi. Da Malam Jibrilu ya ɗaura niyyar gabas, Shehu ya bi shi har Agadas. Can malamin ya maido shi gida, don bai nemi izinin mahaifinsa ba kafin ya fito. Ku duba wanga abu da kyau: da ya tafi da shi, wa ya san ƙaƙa tarihin ƙasashenmu zai kasance?

A Alƙahira Malam Jibrilu ya haɗu da ɗaya daga cikin manyan malaman duniya na wancan zamani, Murtala Zabidi. An haifi Zabidi a garin Bilgiram na ƙasar Indiya cikin 1732, ya yi karatu a Zabid ta Yaman, sannan ya zauna Masar har rasuwarsa cikin 1791. Aikinsa babba shi ne sharhi. Ya yi wa Ƙamus, sanannen littafin kalmomin Larabci, sharhi mai suna Tajul Arusi, ya kuma yi wa Ihya'u na Imamu Gazali sharhi. Shi ya ba Malam Jibrilu ijaza, wato shaidar izinin ruwaito ilimi da karantar da shi, haɗe da jerin sunayen malamai tun daga mai bayarwa har zuwa mai littafi. Malam Jibrilu ya komo da wannan ijaza ƙasarmu, ya miƙa ta ga Shehu da Abdullahi. Ke nan igiyar karatu ta taso daga Indiya, ta bi Yaman da Masar, ta ratsa Adar, ta faɗa hannun ɗiyan Fodiyo. Malam Jibrilu bai ga jihadi ba, ya rasu kafin a fara shi, anka rufe shi nan ƙasar Madawa.

Akwai abu guda da ya kamata mu sani game da shi. Malam Jibrilu mutum ne mai zafi kan al'amarin addini, har ya kai ga ganin cewa Musulmin da ya dage kan wasu manyan zunubai ya fita Musulunci. Shehu bai bi shi kan wannan ba. Ya rubuta a fili cewa Ahlus Sunna ba su kafirta Musulmi saboda zunubi, ya yi littafi guda, Shifa'ul Galili, don warware abin da ya rikice cikin maganar malaminsa. Amma bai zage shi ba, bai daina kiransa malaminsa ba, sai ma ya nema masa uzuri. A wanga zamani da yaro ke jin wa'azi biyu a waya ya tashi yana kafirta limamin unguwarsu, wannan kaɗai ya isa darasi.

TASOWAR ABDULLAHI

An haifi Abdullahi cikin shekara ta 1180 ta Hijira, wato wajen 1766. Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya tashi a Degel, ya sauke Alƙur'ani hannun mahaifinsu Muhammadu Fodiyo, yana ɗan shekara 13 anka danƙa shi ga wansa. Ba mu da buƙatar ƙiyasi kan abin da ya karanta, don shi da kansa ya rubuta ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa da littafin da ya ɗauka wurin kowane. Cikin jerin akwai Ishiriniya, Ahalari, Ishmawi, Risala da Ajurumiya. Duk wanda ya taɓa zama zauren malami a Madawa ko Buza ko Keita zai gane su, su ne dai littattafan da ake biyawa har gobe. Ya kuma ce ya ɗauki tafsiri wurin Shehu daga farko har ƙarshe, ba sau ɗaya ba.

Bayan Malam Jibrilu ya komo daga hajjinsa na biyu, Shehu da Abdullahi sunka tafi wurinsa. Abdullahi ya karanta masa littattafan usulul fiƙhu, ciki har da Kaukabus Saɗi'u na Suyuɗi. Usulu shi ne ilimin da ke koya wa mutum yadda ake ciro hukunci daga aya da hadisi: wace magana ce ta game kowa, wace ce ta keɓanta, ina umurni ke nufin wajibi, ina yake nufin an so a yi. Mai tafsirin da bai da wannan, kamar mai gini ne ba igiyar awo. To wannan igiya, hannun malamin ƙasarmu Abdullahi ya amshe ta.

Tun yana matashi yake bin Shehu yawon wa'azi ƙasashen Kabi da Zamfara, shi ne kuma mai alƙalamin jama'ar. Lokacin da wani malami, Mustafa Gwani, ya soki Shehu kan barin mata na halartar wa'azinsa, Abdullahi anka sa ya ba da amsa cikin waƙen Larabci. Hujjarsa ita ce barin mata cikin jahilci, ba su san ko farillan addininsu ba, ya fi zamansu gefe guda cikin sutura suna saurare muni. Kafin ya cika shekara 30 ya riga ya tsara Miftahut Tafsiri, inda ya mai da ilimin Alƙur'ani da Suyuɗi ya tara zuwa baitoci don almajirai su hardace.

Kada mu yi mamakin yawan jin sunan Suyuɗi cikin wanga labari. Tun yana raye, kafin rasuwarsa cikin 1505, ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina, kuma littattafansa sun daɗe da zama abincin malaman ƙasashen nan.

YAƘI, DA GUDUN MULKI

Cikin watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Cikin watan Yuni anka gwabza a Tabkin Kwatto da rundunar Sarkin Gobir Yunfa, Abdullahi ne ke jagorantar mutanen Shehu, su kuma sunka yi nasara. Ƙarshen shekarar anka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, inda anka ruwaito mahardata Alƙur'ani wajen 200 sun kwanta dama. Alƙalawa, da ke kudu da mu ta bayan Bangi, ta faɗi cikin 1808.

A nan sai mu faɗi gaskiya. Da yawanmu Gobirawa ne, wasu Adarawa, wasu Buzaye, wasu Fulani. Kakanninmu sun tsaya ɓangarori dabam-dabam cikin wannan yaƙi, an zub da jini, an watsa garuruwa, an kama bayi, kuma kowane gida da irin labarin da ya gada. Ba mu zo tada tsohon miki ba. Abin da ya sa munka kawo zancen yaƙin shi ne abin da Abdullahi ya yi ana tsakiyarsa.

Wajen 1807, nasara na ta zuwa, sai ya duba jama'arsu ya ga abin da bai gamshe shi ba. Abokansa na karatu da yawa sun mutu fagen fama. Waɗanda sunka rage da sabbin shigowa, da yawa hankalinsu ya koma ga dawaki, riguna, ƙwaraƙwarai da neman sarauta. Ya rubuta wannan da kansa cikin Tazyinul Waraƙati, littafin da ya tara waƙoƙinsa da labarin jihadi cikin 1813, bai ɓoye ba don a ce nasu ne. Sai ya bar runduna, ya bar matsayinsa na babban na hannun daman Shehu, ya fuskanci gabas da niyyar Makka da Madina, hanyar da malaminsa Jibrilu ya bi.

Bai wuce Kano ba. Mutanen Kano sunka tare shi, sunka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya rubuta musu Diya'ul Hukkami, ya kuma karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Daga nan ya haƙura ya koma gida. Mutumin da ya gudu daga mulki, karantarwa ce ta tsai da shi.

Cikin 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa biyu: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi, wanda ke zaune Boɗinga. A waɗannan shekaru, ga shari'a, ga wasiƙu, ga rigingimun ƙasa, ya zauna ya yi babban aikin rayuwarsa.

TAFSIRIN

Sunan littafin Diya'ut Ta'awili fi Ma'anit Tanzili. Malaman zaure kan ce Liya'u, yadda muke furta wannan harafi. Ma'anarsa hasken fassara kan ma'anonin abin da anka saukar. Ya kammala shi cikin shekara ta 1231 ta Hijira, daidai da 1816.

Wani zai ce, ga Jalalaini ga Bailawi, mi ya sa sai ya yi nasa? Dalilin a fili yake in mun duba allon yaranmu. Mu nan karatun Warshu muka gada, ruwayar da Warshu ya ɗauko daga Nafi'u, makarancin Madina. Alƙur'anan da ake bugowa daga gabas kuwa galibi na Hafsu ne. Duka ingantattu ne, amma akwai wuraren da sunka bambanta. Ko cikin Fatiha akwai kalma guda wadda Hafsu ke ja, Warshu bai ja: da ja tana nufin mamallaki, ba ja tana nufin sarki. Almajirin da ya hardace da Warshu, in ya buɗe tafsirin da anka gina kan wani karatu, zai ga ana fassara abin da ba shi ke bakinsa ba. Na biyu, mu Malikawa ne, alhali Mahalli da Suyuɗi da Bailawi duk Shafi'awa ne. In an zo ayar alwala ko ta saki ko ta ciniki, hukuncin da za su fi kawowa ba lalle ya zama wanda alƙalin ƙasarmu ke aiki da shi ba.

Abdullahi ya toshe waɗannan ɓaraka biyu. In ya ɗauki aya, yakan bayyana ma'anarta bisa maganar da ta fi ƙarfi, ya warware nahawunta inda ake buƙata, ya nuna bambancin ƙira'a yana farawa da ta Warshu, ya kawo hukuncin fiƙihu yana gabatar da mazhabar Maliku tare da ambaton sauran, ya kuma taɓo balagar da ke ciki. Bai yi da'awar ya ƙago komi ba. Ya ɗebo daga Jalalaini da Bailawi, da Ahkamul Ƙur'ani na Ibnul Arabi Bamalike, da tafsirin Sa'alabi na Aljeriya, da wasunsu, yana faɗin inda ya ɗauko. Aikin mai sharhi ke nan: ba ya ƙara wa rijiya ruwa, guga da igiya yake kawowa daidai zurfinta da ƙarfin mai ja.

Abin da ya fi burge mu shi ne abin da ya biyo baya. Da littafin ya shiga hannun almajirai, sai ya lura ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi nauyi. Bai ce laifinsu ne ba, su je su ƙaro karatu. Ya sake zama, yana dattijo, ya rubuta wani tafsirin mafi sauƙi, Kifayatu Du'afa'is Sudan, wato abin da zai wadatar da masu rauni na ƙasar baƙar fata, ya gama shi cikin 1238 ta Hijira, wajen 1822. A nan ya tsaya kan Warshu da mazhabar Maliku, ya rage dogayen bayanai. Mutum guda, tafsiri biyu cikakku, ɗaya na malamai, ɗaya na masu tasowa, da alƙalamin kara da tawadar da ake dafawa a gida, a kan takardar da sai fatake sun ƙetaro hamada da ita.

Ba tafsiri kaɗai ya bari ba. Yana da Baharul Muhiɗi kan nahawu, baitoci sama da 4,000, da Hisnur Rasinu kan sarafu, da littattafai kan hadisi, da jerin masu suna Diya'u kan mulki da shari'a. Cikinsu ya saɓa wa Shehu kansa a wasu mas'aloli, kamar kaɗe-kaɗen sarauta da tufafin alfarma ga masu mulki, inda shi ya tsananta, Shehu ya sassauta. Kowane ya rubuta hujjarsa, ba wanda ya fasa girmama ɗan uwansa. Yadda Shehu ya yi da Malam Jibrilu, haka Abdullahi ya yi da Shehu.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Shehu ya rasu cikin watan Afrilu na 1817 a Sakkwato, anka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Masu tarihi sun ruwaito cewa Abdullahi ya taso daga Boɗinga ya tarar an rufe ƙofar gari. Shi ne ƙanen Shehu, shi ne ya ja runduna a Tabkin Kwatto, ba kuma wanda ya fi shi ilimi cikin waɗanda sunka rage. Da ya so tada fitina, da ya samu mabiya. Sai ya juya ya koma, daga baya ya zauna Gwandu. An yi ƴan shekaru akwai sanyi tsakaninsa da ɗan wansa, har lokacin da Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, nan ya yi masa mubaya'a, magana ta mutu. Sannu a hankali ya sakar wa ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu harkokin mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya rasu a Gwandu cikin 1829, can kabarinsa yake, kuma zuriyarsa ke sarautar Gwandu har yau.

Diya'ut Ta'awili ya yi shekara kusan 145 ana kwafarsa da hannu, kafin a buga shi a Alƙahira cikin 1961, juzu'i huɗu, zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Ku lura da wannan: garin da Malam Jibrilu ya je neman ijaza, can anka buga littafin almajirinsa.

INA MUKE CIKIN WANGA LABARI?

Iyakar da Faransa da Ingila sunka shata farkon ƙarni na 20 ta sa yau muna ganin Degel da Gwandu da Sakkwato kamar wata ƙasa, tarihinsu kuma kamar na ƴan Najeriya kaɗai. Zamanin su Abdullahi babu wannan layi. Maratta na wannan gefe, Degel na wancan, almajiri na tafiya tsakaninsu da gafakarsa ba mai tambayarsa takarda. Yaronmu na lakwal zai iya lissafo maka marubutan Faransa, na makarantar allo zai lissafo na Masar da Hijaz, amma ka tambaye su wane ne Malam Jibrilu, da yawa sai su yi shiru, alhali wataƙila sun sha wucewa kusa da inda yake kwance. Kakanninmu sun yi abin faɗi, mu ne munka bar faɗa.

Abu uku muke roƙo. Na farko ga malamanmu masu tafsiri: ba mu ce a aje Jalalaini ba, amma in azumi ya zo, a ɗora Diya'u ko Kifaya kusa da shi, a riƙa leƙawa, a kuma faɗa wa jama'a sunan mai littafin da na malaminsa. An buga su, masu fataucin littattafai da ke zuwa Sakkwato da Kano na iya kawo su. Na biyu ga gidajen malamai na Madawa, Buza da Keita: tsofaffin takardun da kunka gada, da ke cikin gafaka ko adaka ko rataye a rufin ɗaki, gara da ɗigon damina ba su san darajarsu ba. A fiddo su, a kaɗe, a ɗauki hotonsu ko da waya ce. A Yamai akwai sashen adana rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH, ƙarƙashin Jami'ar Abdu Mumuni, wanda ya taso daga takardun da marigayi Bubu Hama ya tara, ana iya neman shawararsu. Na uku ga matasanmu masu wa'azi a Facebook da WhatsApp: Abdullahi ya kai shekara 50 kafin ya kammala tafsirinsa, bayan ya lissafa malamansa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka fassara aya ga jama'a, ka iya faɗin wurin wa ka ɗauke ta.

Wanda duk ke da wani abu da ya ji daga bakin tsofaffi game da Malam Jibrilu, ko gidansu na da kwafin hannu na ɗaya daga cikin littattafan Malam Abdullahi, ya sanar da mu, za mu zo mu saurara. Allah shi jiƙan Malam Jibrilu ɗan Umaru, shi jiƙan Malam Abdullahi da Shehu Usmanu da dukkan magabatanmu na kowane ɓangare, shi ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Amin.